Ɗan Rakiya a Karan Masara

A daminar da 'yata ta fari take ajin ƙarshe a jami'a, na dawo daga ofis wata rana na tarar an kwashe kujerun ɗakin baƙi an jibge su a tsakar gida. A gurbinsu an jera bokitan fenti, kowanne da masara tsaye a ciki, tsawonta bai wuce gwiwa ba, an lulluɓe ta da farin gidan sauro. Gidan sauron ma na gane shi. Nawa ne, an yayyanka shi.

Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, don haka Uwata nake ce mata, ita kuwa ta riƙe muƙamin da gaske. Na ce, "Uwata, gona muka koma?"

Ta ɗora yatsa a baki. "Baba, a hankali. Suna hutawa."

"Su wa?"

Ta miƙo mini gilashin ƙara girman abu, ta ɗaga gefen ragar. A bayan ganye na ga wani ɗan ƙwaro mai ruwan ganye-ganye, ƙwayar shinkafa ma ta fi shi ƙiba. Na matso da fuska, ya yi tsalle ya ɓace. Ta ce a gonar ƙanena a Paiko ta kamo kakanninsa, kuma irinsu ne ke tsotsar masara su bar mata cutar nan da ke zana wa ganye rawaya. Na ce to a kawo fiya-fiya mu gama da su kafin la'asar. Ta dube ni kamar na ce a sayar da gidan.

Ga abin da ta koya mini a tsaye, ko jakata ban ajiye ba. Namijin ƙwaron nan ba ya kuka irin na gyare, wanda kowa zai ji. In yana neman mace, cikinsa yake karkaɗawa. Karkarwar ta bi ƙafafunsa ta shiga ganye, ta gangara kara, ta hau wani ganyen, har ta isa inda macen take zaune. Da ƙafafunta take jin sa. In ya yi mata, sai ta mayar masa da tata 'yar gajeriyar karkarwar, shi kuma ya yi ta bin amsar ganye-ganye har ya same ta. Kunnen ɗan Adam ba ya jin komai, sai an manna wa karan wata 'yar na'ura kamar maɓallin riga, an ja waya zuwa kwamfuta.

Na ce, "Wato saurayi ya zo ƙofar gida, ba sallama, ya kama katanga yana jijjigawa har budurwa ta ji a tafin ƙafarta. A zamaninmu da sanda za a fito masa."

Ba ta yi dariya ba, sai na gane maganar babba ce. Aikin bincikenta na kammala digiri ya rataya ne a kan naɗar wannan zance: kiran namiji guda, da amsar mace guda, tsaf ba gauraye. A makaranta ana fasa ginin da ke jikin ɗakin gwajinsu, ƙasa na rawa daga safe har yamma. Sai malamin da ke duba aikinta ya ara mata na'urar ta zo da ita gida, da sharaɗin ranar Litinin ta dawo, domin wani ɗalibin na jira. In ba ta samu naɗin ba, sai baɗi. Ƙawayenta su tafi bautar ƙasa, ita ta zauna tana shayar da masara a bokiti.

Abu ɗaya take buƙata, shi ne gida ya yi tsit.

To ni ne mutumin da ake ba makirufo a wajen biki, in an ɗauke wuta kuma a ce ci gaba kawai, ba a ji bambanci ba. A ofis, in na yi dariya a hawa na ƙasa, na sama sun san na iso. Matata takan ce ko barci nake ina ba bango labari. Kuma a unguwar Maitumbi ta Minna muke zaune, inda keke-napep ke wucewa ta bayan tagarmu kamar ana korarsa.

Aka fara kafa doka. Aka kashe fanka, aka kashe firji, aka hana jan kujera da buga ƙofa. Mafi zafi, aka hana daka. Sabuwar doya ta shigo, kasuwa ta cika, ni kuwa ina zaune a Minna ina cin dafaffiyar doya da manja kamar mai zaman makoki, turmin sakwara na kife a lungu yana kallona ina kallonsa.

Saura babbar matsalar, wadda ba a gidanmu take ba. Maƙwabciyarmu, wata baiwar Allah 'yar Kudancin Kaduna da muka yi shekaru muna musayar abincin Sallah da na Kirsimeti, tana da injin niƙa jingine da katangarmu. In ta tayar da shi, cokula kan yi tafiya da kansu a kan tire. Uwata ta ce kunya take ji, ni in je.

Na sa babbar riga, domin roƙo ba a yin sa da singileti. Na same ta da gari har gira.

"Madam, alfarma na zo nema. A kashe injin nan na ɗan lokaci."

"Lafiya, Oga? Wani ba shi da lafiya?"

"Kowa lafiya. Neman aure ake yi a gidana."

Ta saki bokiti ta fara tafi. "Yarinya naka? Kai, na ji daɗi. Wane gari mijin?"

"Ba ita ba. Ƙwaro ne."

Ta daɗe tana kallona. Ta kira mijinta ya zo ya ji da kunnensa, don kada gobe a ce ita ta ƙirƙira. Na sake bayani tun daga ciki har ƙafafu, har na gwada musu karkaɗawar da nawa tumbin, wanda Allah ya hore mini shi isasshe. Da ta gama share hawayen dariya ta ce ranakun aiki ba za ta iya ba, masu ƙosai da masu kunu sun dogara da ita. Amma ranar Lahadi da safe tana coci, injin na barci har a taso.

"Ka gaya wa ango ya yi sauri," in ji ta. "Fasto namu ba ya dogon wa'azi lokacin damina."

Kafin Lahadin, Uwata takan gwada sa'a da rana, a ɗan tsakanin da Madam ke cin abinci. Na roƙa a bar ni in zauna in ga yadda ake yi. Aka yarda, bisa alkawarin ba zan ce uffan ba. Na zauna a kan tabarma, na kama bakina da hannu biyu, gumi na bin bayana kamar an buɗe famfo. Can na ga idonta ya buɗe. Ta danna abin sauraron a kunne, ta fara rubutu da sauri. Ta raɗa wa mamanta da ke zaune gefena cewa ga wani kira da ba ta taɓa karantawa a ko'ina ba, mai nauyi, a jere, ba ya gajiya. Har ta fara tunanin yadda za ta gaya wa malaminta.

Mamanta ta juyo ta dube ni. Ta miƙo hannu ta dafe gwiwata. Kiran ya tsaya. Ta saki, ya dawo.

Ashe maganar da na hana fita ta baki ce ta gangara ƙafa. Tun ina yaro nake kaɗa ƙafa, ban taɓa sanin har masara na ji ba. Aka mayar da ni bakin ƙofa, aka sa mini filo ƙarƙashin kowane diddige.

Ko da aka kawar da ni, angon bai ce komai ba. Rana bayan rana yana manne a ganye kamar an liƙa shi. Ga shi matan da ba su taɓa haɗuwa da namiji ba su ne kaɗai ke amsawa, wadda ta riga ta samu miji ba ta ƙara kula kowa. Uwata ta raba su tun suna ƙanana, maza a bokitinsu, mata a nasu, amma zafin ɗakin ya yi ta rage mata su. Da Lahadi ta zo, mata biyu suka rage.

Ni kuwa tun tuni na gano ciwon, ba a dai tambaye ni ba. Wane saurayi ne ke zuwa zance shi kaɗai ranar farko? Ko ni da bakin nan nawa, ranar da na fara zuwa gidan su maman yara a Paiko, harshena ya naɗe. Na tsaya a zaure ina karanta ƙusoshin ƙofa. Abokina da ya raka ni shi ya yi sallama, shi ya yi gaisuwa, shi ya yabi ɗankwalinta, shi ya ba ta dariya, ni dai na ce "haka ne" har aka kira magariba. Ba don ɗan rakiya ba, da yanzu ina nan gwauro. Na faɗa wa Uwata haka a daren Asabar muna cin doyarmu ta makoki. Ta ce, "Baba, don Allah," ta ci gaba da cin abincinta.

Safiyar Lahadi ta zo da wani shiru da ban san Maitumbi na da shi ba. Madam ta wuce da ashoben 'yan kwaya, mawaƙan cocinsu, ta ɗaga mini hannu. Uwata ta saka ango da amarya a masara guda, ta manna maɓallinta, ta zauna. Hantsi ya ɗaga, babu labari. Na ga tana cizon leɓe tana duban taga. Can wayarta ta yi haske, malaminta ne, ta fita da sanɗa zuwa ƙofar gida don ta amsa.

Na dubi bokitin gwauraye. Na dubi angon, shi kaɗai a ganye, ba uwa ba uba ba aboki. Tausayi ya kama ni.

Akwai wani siririn tiyo da take kama su da shi, ta zuƙa da baki ƙwaron ya faɗa cikin 'yar kwalba. Na ga yadda take yi, sai dai ban lura akwai gefen da ake sa wa baki ba. Zuƙar farko, ƙwaron ya wuce kai tsaye, har yau yana cikina, kuma ina zargin shi ke motsi in na ji yunwa. Na juya tiyon, na samu wani kakkaura mai alamar wayewa, na ɗaga raga na sake shi. Na raɗa masa, "Ka yi masa sallama kawai, ka koma gefe." Na koma kan filolina.

Uwata ta dawo ta sa abin sauraro. Ba a jima ba ta ƙame. Ta ɗaga hannu a hankali, fuskarta ta washe. "Ya fara," ta faɗa da leɓe kawai. Jim kaɗan ta dafe ƙirji. "Ta amsa."

Na kumbura har babbar rigar da ban sa ba ta matse ni. Na fara shirya jawabin da zan yi a bikin yaye su.

Sai goshinta ya tattare. Ta ƙara murya, ta rage. Ta ce wani abu na shiga tsakani, duk lokacin da macen za ta amsa sai wani gurnani ya taso ya rufe amsar. Ta dubi ƙafafuna, suna nan lafiya a kan filo. Ta ɗauki gilashi ta leƙa ragar, ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, ba ni ta fara kallo ba, tiyon ta kalla, yana ajiye ba inda ta bar shi ba.

"Baba, maza biyu ne a ciki."

"Ɗan rakiya ne, Uwata."

Ta yi bayani da wata murya mai sanyi da na fi tsoro a kan faɗa. In namiji ya ji wani na zance a kara guda, ba taya shi yake ba. Gurnani yake saki ya toshe amsar don mai kiran ya ɓata hanya, shi kuma ya lallaɓa shiru ya riga shi isa. Na karɓi gilashin na duba. Angon na can ƙasa yana zagaye wani ganye da babu kowa a kai, yana ta karkaɗa ciki. Ɗan rakiyata kuwa yana sama, gefen amarya, har an gama ɗaurin aure.

Naɗin ya gauraye, ba zai yi amfani ba. Mace ɗaya ta rage. Kuma sai an sa ta a sabuwar masara da sabon namiji, an bar su sun natsu, abin da ke cin lokaci. Daga nesa muka fara jin gangar rufe taro daga coci. Uwata ta zauna a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Ba ta yi kuka da sauti ba, ko a wannan halin tana kiyaye masararta.

Maman yara na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiyar da aka hana ta amfani da ita. Ta ce, a hankali, "Malam, wannan abokin naka na Paiko da kake ta yabo."

"Allah ya saka masa."

"Washegari ya dawo shi kaɗai, da sabulu da turare. Ya ce kai ba ka iya magana ba, in duba lamarinsa."

Shekara ashirin da wani abu ina kai wa mutumin nan cinyar ragon layya.

Ban samu lokacin yin fushi ba. Na ce wa Uwata ta shirya ɗaya masarar, injin ba zai tashi ba sai ta ce. Ta ɗago ta dube ni, ba ta yarda ba, amma ta miƙe.

Na tari Madam a bakin layi, Littafi Mai Tsarki a hammata. Matsalar ita ce bayan coci ne kasuwarta ta fi ci. Mata sun riga sun yi layi a ƙofarta da bokitan jiƙaƙƙen wake da masara da kayan miya. Ta ce, "Oga, ni zan iya riƙe hannuna. Amma waɗannan, kai za ka gaya musu. Ni ba zan ce wa mai alala ƙwaro yana aure ba."

Na ce su biyo ni gindin mangwaron da ke can ƙarshen layi, akwai sanarwa. A unguwarmu in aka ce sanarwa, ana zaton rabon taki ne, don haka har da waɗanda ba su zo niƙa ba suka taho. Na hau kan wani bulo, na gyara murya, na ba su labarin tun daga bokitan fenti.

Da na kai wurin ɗan rakiya, taron ya rabu biyu. Wata dattijuwa Bagwariya mai sayar da doya ta ce amaryar ta yi daidai, wanda ya iso shi ne miji, mai kira daga nesa ya je ya auri ganye. Wata matar ɗan sanda ta ce duk maza haka suke, har na cikin masara. Wani mai keke-napep ya tsaya ya ji abin da ake yi, na ce ya kashe inji in yana son ƙarshen labari. Ya kashe. Na bayansa ma ya kashe, fasinjojin suka leƙo. Kafin wani lokaci bakin layinmu ya toshe da kekuna masu barci, abin da ko jami'an hanya ba su taɓa iyawa ba.

Labarin ƙwaro ya ƙare, ƙofar gidana ba motsi. Na shiga na abokina da sabulunsa, da zafinsa, matan suka yi masa tofin da ya ishe shi har jikoki. Shi ma ya ƙare. Na kawo na ranar da motar Paiko ta lalace da mu muka tura ta har gida direban na barci. Na kawo na kakana da ya yi kokawa da kura a Kagara, kurar ta dawo da safe ta ba shi haƙuri. Kakana tela ne, bai taɓa zuwa Kagara ba. Rana ta take, wake ya fara kumfa a bokiti, mai alala ta fara duban ƙofar Madam. Na ce mata ta tsaya, yanzu za a zo wurin da kurar ta nemi aiki. Muryata ta fara tsagewa. Na ci gaba da rabin murya, sannan da rubu'i, daga baya da hannu da ido da tumbi, wata yarinya 'yar kwaya na fassara wa na baya.

Ina cikin nuna yadda kurar ta durƙusa na hango maman yara a ƙofar gida tana kaɗa gyale sama. Na sauko daga bulon. Madam ta ruga ta ja igiyar injinta, ƙasa ta ɗauki rawa, ban taɓa jin ƙara mai daɗinta ba.

Na shiga ɗakin baƙi jiƙe sharkaf. Uwata na zaune gaban kwamfuta, idanunta jajaye, tana murmushi. Ta miƙe ta kama hannuna. Ta zaunar da ni, ta sa mini abin sauraron da hannunta, ta danna.

Da farko shiru. Sai wani abu ya taso can ƙasa, kamar babur a nesa yana ƙin tashi, tuk, tuk, tuk, sannan ya miƙe ya zama wani gurnani mai laushi kamar kyanwa a cinyar mai ita, ya hau sama kaɗan, ya yanke. Aka ɗan jira. Sai amsa ta zo, guda ɗaya, gajeriya, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Ya sake kira, wannan karon da rawar jiki. Ta sake ƙwanƙwasawa. Haka suka yi ta yi, tazarar na raguwa, a cikin karan da bai kai kaurin yatsana ba, a ɗakin da na yi shekaru ina cika shi da surutu. Na tuna duk gonakin da na ratsa tun ina yaro, ina waƙa ina dukan ganye da sanda, ashe ta tsakiyar zancen mutane nake bi.

Na cire abin, na buɗe baki in faɗi wannan, domin magana ce mai kyau kuma na san za ta yi armashi. Iska ce kawai ta fito.

Maman yara ta leƙo ta dube ni, ta dubi 'yarta. "Naɗi wannan ma," ta ce. "Ba za a sake samu ba."

Na'urar ta koma ranar Litinin, Uwata ta tafi bautar ƙasa tare da ƙawayenta. A yammacin Lahadin nan kuwa aka tayar da turmi, Madam ta aiko da miyar agushi, na ci sakwara har na kasa tashi, ba wanda ya ji ta bakina sai da aka kwana uku. Da layya ta zagayo, cinyar ragon gidan Madam aka kai.